Gajeren fim kan 'yan bawunsa: ku gyara mana labarin kafin mu kunna kyamara

Mubarak, Nima:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ƙungiyarmu ta matasa na shirin ɗaukar gajeren fim, minti 12, kan hatsarin aikin bawunsa, wato 'yan maco, ƙarfafan samarin da ke tsaron ƙofar gidajen rawa a Osu da Labone da sauran wurare a Akara, Gana. Kowa ya san da yawa daga cikin masu tsayuwa a ƙofofin nan 'ya'yan zango ne. Ga labarin a taƙaice: Sani yaro ne mai ɗaga ƙarfe, aka ɗauke shi aiki. Daren farko mashaya huɗu suka tada rigima a tsakiyar filin rawa, ya shiga ya watsa su da naushi, ɗaya ya fasa kwalba ya soke shi a ciki, ya cika a hannun abokinsa. Fim ya ƙare da kukan mahaifiyarsa. Masu sanin harkar, ku duba mana inda bai yi ba.

Kawu Issaka, Mamobi:
Wa'alaikumus salam. Ɗana Mubarak, niyyar mai kyau ce, amma labarin nan duk wanda ya taɓa tsaron ƙofa zai kalla ya yi dariya. Kun ɗauko abin da ya fi ƙarancin faruwa kun mai da shi tsakiyar fim. A filin rawa akwai jama'a, akwai kyamarar tsaro, akwai abokan aiki. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wurare uku ne ke cin bawunsa: bakin ƙofa lokacin da ya hana mutum shiga, wurin ajiye motoci bayan an tashi, da hanyarsa ta komawa gida da asuba.

Kuma bawunsan da ya shiga tsakanin mutum huɗu shi kaɗai yana naushi, wannan ba jarumi ba ne, bai san aikin ba ne. Ga yadda ake fitar da mutum. Mutum biyu ake zuwa, ba ɗaya ba. Na farko shi ke magana, na biyu yana tsayawa gefe, ɗan baya, idonsa a kan hannuwan mutumin da kuma abokansa, domin kwalba ba ta fitowa daga wanda kake magana da shi, daga abokinsa take fitowa. Kafin a buɗe baki, mai hidimar teburi ta kwashe kwalabe da kofunan gilashi a natse. Mai magana ba ya fuskantar mutum ƙirji da ƙirji, yana tsayawa a karkace, tazarar da hannun wancan ba zai kai ba sai ya yi taku, tafin hannu a buɗe daidai ƙirji. Sai ya ce, "Maigida, kiɗa ya yi ƙara, zo mu yi magana a can." Ana janye shi ne daga gaban budurwarsa da abokansa. Namijin da aka kunyata a gaban mace zai yi faɗa ko da ya san zai sha kashi. In ya kama a mayar masa da kuɗin shiga, a mayar. Kuɗin ƙofa ɗaya bai kai ɗinki ɗaya ba.

Da ya taka waje, aiki ya ƙare. Ba a bin mutum titi ko da ya zagi uwa. Sannan wanda ya fitar da shi ya bar ƙofar, a musanya shi da wani na ciki na kamar rabin awa ko fiye, saboda wanda aka kora in zai dawo, fuskar da ya gani yake nema.

Fuseini, Aboabo:
Kawu, da girmanka, amma in aka bi taka fim ɗin zai koma lacca. Mutum biyu suna lallashin mashayi minti 12? Wa zai kalla a waya? Yaran da ake so su gani, naushin ne zai tsayar da su.

Kawu Issaka, Mamobi:
Ban ce a cire naushi ba, Fuseini. Na ce a sa shi inda yake faruwa, a kuma nuna abin da ke biyo bayansa.

Anti Rabi, nas:
Bari in shigo daga ɓangaren asibiti. Mubarak, mutuwar Sani yadda kuka rubuta ba haka jiki yake ba. Wanda aka soka a ciki sau da yawa bai ma san an soke shi ba, yana ɗauka naushi ne, sai ya ga rigarsa ta jiƙe. Yana iya tafiya da ƙafarsa yana magana, jini na zuba ta ciki. Alamun su ne zufa mai sanyi, ƙishirwa, bugun zuciya da sauri, leɓe da tafin hannu su yi fari. Abin da ke kashe shi jinkiri ne: a tsaya gardama wa zai biya, a nemi mota, a ba shi ruwa. In za ku nuna abokinsa a wurin, ku nuna shi yana yin daidai, mai kallo ya koyi wani abu. Ya danne ciwon da tsumma mai tsabta da ƙarfi, minti 10 ba ɗagawa don leƙawa. In tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kai, ba a cire na farko. In gilashi ko wuƙa na maƙale ba a zarewa, a danne gefensa. In hanji ya fito ba a mayar da shi, a rufe da tsumma mai ɗan danshi. Ba ruwa, ba abinci. In a hannu ko ƙafa ne jini ke tsartuwa kuma danna ta ƙi tsayar da shi, a ɗaure sama da ciwon da santimita 5 zuwa 7, ba a kan gaɓa ba, a rubuta lokacin da aka ɗaure. A kira 112 ko 193. Daga Osu, asibitin Rij da na sojoji na 37 da na 'yan sanda ba su da nisa.

Amma abin da ya fi tsoratar da ni a aikin nan ba wanda ake yi wa bawunsa ba ne, wanda yake yi da hannunsa ne ba da niyya ba. Abu uku. Na ɗaya naushi guda. Ba naushin ke kisa ba, faɗuwar ce. Mashayi ba ya tare faɗuwa da hannu, ƙeyarsa ce ke dukan siminti ko bakin kwata. Wani zai suma ya farfaɗo, ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, jini na taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, bayan 'yan awoyi ya kwanta bai tashi ba. Wanda ya bugu a kai yana amai, ko yana minshari ba a iya tada shi, ba barcin giya yake ba. Na biyu shaƙe wuya. Hannu a wuya yana toshe jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka mutum ya sume, kuma mai shaƙewa daga baya ba ya ganin fuskarsa, sai ya ci gaba. Na uku kifar da mutum a ƙasa a hau bayansa. Ƙirji ba ya iya buɗewa. Mutumin yana fizge-fizge don neman iska, su kuma suna ɗauka taurin kai ne, sai su ƙara nauyi. Wai "ai yana magana, yana numfashi", wannan maganar ta kashe mutane da yawa. Duniya ta ga abin da ya faru da Joj Fuloid, wanda ya mutu bayan ɗan sanda ya danne shi a ƙasa, a Amurka a 2020. Mai ƙiba da wanda ya sha ƙwaya sun fi saurin tafiya. Da zarar an shawo kansa a juya shi gefe ko a zaunar da shi.

Haka wanda giya ta kayar: ba a kwantar da shi rigingine a bayan gida a tafi. Gefe ake kwantar da shi, kai a ɗan karkace ƙasa, wani ya tsaya a kansa, don amai kan koma huhu.

Lauya Faruku, Adabraka:
Abin da Anti ta faɗa shi ne inda fim ɗinku yake, in kuna da ƙarfin hali. A dokar Gana bawunsa ba ɗan sanda ba ne, ba shi da wani iko da ya wuce na kowane mutum. Dokar manyan laifuka ta 1960, mai lamba 29, ta yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi don kare kansa ko wani, da kuma fitar da wanda ya ƙi fita daga wurin da ba nasa ba bayan an nemi ya fita. Amma ta ɗaure abin da sharaɗi: ƙarfin kada ya wuce abin da ake buƙata. Mutum ya faɗi ka ƙara masa ƙafa, ko ya juya zai tafi ka bi shi, ka fita daga kare kai ka shiga laifi. In ya ji ciwo, tuhumar ji wa mutum rauni ce, sashe na 69, babban laifi mai daraja ta biyu. In ya mutu, kisa ne ba da niyya ba, ko ma a fara da tuhumar kisan kai, kuma lauyan gwamnati zai nuna wa alƙali girman damtsenka ya ce ka san abin da hannunka zai iya.

Wajen kama ɓarawon waya ma haka. Kowa na iya kama wanda ya yi laifi irin sata ko duka a gabansa, amma sai a miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Kulle shi a sito, ko duka har ya fito da waya, laifi ne daban a kan mai kamun.

Ga inda ake barin yaranmu da jangwam. Kamfanonin tsaro masu zaman kansu suna ƙarƙashin ƙa'idar 1992 mai lamba 1571, lasisi daga ma'aikatar cikin gida, kuma ba a yarda su riƙe bindiga ba. Amma bawunsa da yawa ba ta kamfani ake ɗaukar su ba. Wani babba a gidan ɗaga ƙarfe ne ke haɗa yara, a biya kowane dare a hannu ko ta MoMo, wato turo kuɗi ta waya, babu takarda. Ranar da abu ya faru mai gidan rawa ya ce bai san shi ba. Dokar ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ce aikin da ya kai wata 6 sai an rubuta yarjejeniya, kuma akwai dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ga wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Amma sai ka fara tabbatar da cewa kai ma'aikaci ne. Don haka duk mai aikin nan ya adana saƙonnin MoMo, da jadawalin aiki da ake turowa a WhatsApp. In an ji masa ciwo ya je caji ofis ya karɓi takardar asibiti ta 'yan sanda, likita ya cika. Kuma a nemi a kwafe hoton kyamarar tsaro washegari, domin na'urar tana rubuta sabo a kan tsoho.

Malam Shu'aibu, Sabon Zango:
Duk kun yi magana mai kyau, amma an tsallake tambaya ɗaya. Shi wannan aiki, tsaron gidan da ake sayar da giya, ya halatta ga ɗan Musulmi? Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Ina tsoron fim ya koya wa yara yadda za su daɗe a aikin, maimakon yadda za su bar shi.

Zuwera, Madina:
Allah ya gafarta Malam, hukuncin ba mai ja da shi, su kansu yaran sun sani, shi ya sa da yawa ke ce wa iyayensu aikin gadi suke yi a otal. Amma wanda ke tsaye a ƙofar daren Juma'ar nan fa? Sai ya kai gida da rai kafin wa'azi ya same shi. Ni a ganina a sa wannan ɓoyon a fim ɗin: Sani ya fito daga gida da jallabiya, baƙar rigar aikin tana cikin leda, ya sauya a turoturo, wato motar haya. Ba sai kowa ya ce komai ba.

Malam Shu'aibu, Sabon Zango:
Wannan ya yi, 'yata. Sai dai kada a ƙawata wurin har ya ba yaro sha'awa.

Kawu Issaka, Mamobi:
Rigar nan da Zuwera ta ambata ma tana cikin tsaro. Ba a komawa gida da ita. Ƙarfe 4 ko 5 na asuba titi ba kowa, mutum ya gaji, kunne na ƙara. A sauya riga, a fita biyu-biyu, kada a riƙa bin hanya ɗaya kullum, kada a sa hoton ƙofar gida a Facebook. A wurin aiki kuma ba sarƙa a wuya, ba zobe, ba agogo mai tsada, takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa domin tayil ɗin da aka zubar wa giya santsi gare shi kamar kuɓewa. Binciken ƙofa ma kada Sani ya zura hannu a aljihun mutum ko jaka, reza da allura na nan. Mai jaka ya buɗe da kansa, a haska da tocila. Mata kuwa mace ce ke bincikarsu.

Anti Rabi, nas:
Tunda an ambaci allura. Cizon mutum, ko naushin da ya sami haƙori ya tsaga bayan yatsa, ƙaramin ciwo ne a ido amma yana ruɓar da hannu cikin kwana 2. A wanke da ruwa da sabulu sosai a je asibiti a ranar. In jinin wani ya shiga ciwo, maganin kariya daga HIV yana aiki ne in an fara cikin awa 72. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura 3 ce, duk mai aikin nan ya kamata ya yi.

Kunne kuma ba wanda ke maganarsa. Ƙarar da ta kai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ana jure ta awa 8, duk ƙarin 3 lokacin ya ragu da rabi. A desibel 100, abin da ake samu kusa da lasifika, minti 15 ne. Shi kuwa yana tsaye dare guda. Jin da ya tafi ba ya dawowa, alhali abin toshe kunne na soso bai kai kuɗin kwanon wake da shinkafa ba.

Sai taramol, ƙwayar nan ta rage ciwo. Hukumar abinci da magunguna ta yarda da miligiram 50 da 100 ne bisa takardar likita. Mai 225 da ake sayarwa a ɓoye, yara na sha wai don kada su gaji. Yana kawo farfaɗiya, in ya haɗu da giya yana danne numfashi, kuma wanda ya sha ba ya jin iyakar ƙarfin hannunsa. Ku haɗa wannan da maganar shaƙe wuya.

Zuwera, Madina:
Akwai wani hatsarin da ba faɗa ba. A 27 ga Janairu 2013 wuta ta kama wani gidan rawa a garin Santa Mariya a Burazil, mutum 242 suka mutu. Makaɗa ne suka kunna wutar wasa ta kama soson da aka manna a rufi don rage ƙara. Da mutane suka yo ƙofa, masu tsaro sun fara tare su, suna zaton gudu suke kada su biya kuɗin abin sha. Da yawa hayaƙi ya kashe su a banɗaki, sun ɗauka hanyar fita ce. A Gana ma doka ta ce sai wuri ya sami takardar shaida daga hukumar kashe gobara, amma ƙofar baya da aka sa wa kwaɗo don hana shiga ta ɓarauniyar hanya, makullin yana aljihun wa? Ko daƙiƙa 5 ce, ku nuna kwaɗon nan, musamman in labarin a Disamba ne lokacin da ake cika wuri fiye da kima.

Lauya Faruku, Adabraka:
Ƙari ɗaya. Daga ƙofar gidan rawa ake ɗibar yara zuwa gadin filaye da bangar siyasa, domin mai nema ya san inda zai same su. Bayan rikicin zaɓen cike gurbi na mazaɓar Ayawaso ta Yamma a Akara a Janairun 2019 aka yi doka mai lamba 999, ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga mai shiga irin wannan. A fim ɗin, mutum ɗaya da babbar mota ya miƙa wa Sani lambar waya, ya isa.

Mubarak, Nima:
Kai, mun gode. To ga gyara: Sani ya hana wani shiga, mutumin ya zage shi a gaban jama'a, Sani ya bi shi har bakin titi ya yi masa naushi ɗaya, ya faɗi ƙeya a bakin kwata, ya tashi ya tafi. Kowa na yaba Sani. Da hantsi 'yan sanda suka zo gida, mai gidan rawa ya kashe waya. Fuseini, naushinka na nan.

Fuseini, Aboabo:
Na yarda, ya fi na farko ciwo. Amma ni da za a bar ƙarshen a buɗe: yana saukowa daga turoturo, babur na binsa a baya, a yanke. Mai kallo bai san 'yan sanda ne ko 'yan'uwan wancan ba.

Ɗanladi mai kyamara, Nuta'un:
Duk ƙarshen da kuka zaɓa, ga ɗaukar. Naushi ba ya taɓa kowa. Tazarar kamu ɗaya da rabi tsakanin dunƙule da haɓa, kyamara a bayan kafaɗar ɗaya daga cikinsu don hannun ya gifta layin fuska, wanda aka nausa shi ke sa abin ya yi kamar gaske da juyin kansa. A gwada a hankali sau 10 kafin a ƙara sauri. Faɗuwar a raba ta uku: ya faɗa kan katifa a wajen hoto, a yanke, a nuno shi kwance, ƙarar buguwar kai a sa daga baya. Kada kowa ya faɗi kan siminti don a ce ya yi kamar gaske. Kwalbar gaske ba a fasa ta kusa da mutum, ta sukari kuma a damshin Akara tana yin danƙo kafin a gama saita fitila, gara a nuna ɗagawa a yanke a sa ƙara.

Jini: kofi 1 na zuma ko ruwan sukari mai kauri, cokali 1 na jan kalar abinci, rabin cokali na garin koko don ya yi duhu. Ku tuna ba ya fitowa a baƙar riga, ba ya fitowa a jar fitila. A nuna shi a hannu ko a siminti da farin haske. Abin sha kuwa, soɓolo a madadin jar giya, shayi mara madara a madadin wiski, a juya tambarin kwalabe.

Wutar lantarkinmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka hoto 25 a daƙiƙa, shata, wato ƙiftawar idon kyamara, 1/50, in ba haka ba fitilu za su yi ta kyafta ido a hoton. A kashe fitilar leza, tana ƙona idon kyamara. Ku nemi wurin ranar Litinin ko Talata da rana, a toshe tagogi. Mutum 25 sun isa cika hoto in an matso da kyamara, kuma ba ɗan ƙasa da shekara 18. Rawa ba kiɗa ake yi, a kunna daƙiƙa 10 su kama taku a kashe, sannan a ɗauki magana. Waƙar wani sai da izini, ku tambayi GHAMRO, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin mawaƙa a Gana, ko ku sa yaron unguwa ya buga muku sabuwa. Wurin titi a kai wasiƙa caji ofis na yankin kwana biyu kafin nan, kada masu wucewa su ga ana dukan mutum su shigo da gaske. In za a haska a bainar jama'a, dokar fim ta 2016 ta ce hukumar fina-finai ta ƙasa ta fara tantancewa.

Kawu Issaka, Mamobi:
Kuma ku duba kalanda. In ɗaukar ta faɗo cikin watan da sarakunan ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, kada ku fito da lasifika titi.

Mubarak, Nima:
An rubuta, Kawu. Ɗanladi, janareto fa, namu ne ko na gidan? Ƙararsa ba za ta shiga makirfo ba?

Ɗanladi mai kyamara, Nuta'un:
Za ta shiga. Ku ɗauki duk maganganu da fitilun batir, janareto sai wurin rawa inda ba a ɗaukar murya. Ku turo min tsarin ɗakin in ga inda ƙofar take.